Kafin a sayi kwanon rufin akurki, a fara gyara ƙasansa

Yawancin masu kiwon kaji a bayan gida suna kashe kuɗinsu ne a kan abin da ido yake gani. Za a sayi kwano mai kyau, a kira kafinta ya kafa katako, a zagaye da ragar waya, a sa wa ƙofa kwaɗo, sannan a bar ƙasan akurkin yadda aka same shi, turɓaya ce kawai da ɗan ɓuntun shinkafa a kai. A ganina wannan shi ne babban gangancin da ake yi a ƙaramin kiwo, domin shaho da shirwa da muke ta ɗaga kai muna tsoro da rana suke zuwa, kuma rufi kowane iri yana tare su, amma masu shigowa ta ƙarƙashin ƙasa da dare suke aikinsu, lokacin da kowa yake barci, kaji kuma ba sa gani sosai cikin duhu balle su tsere.

Masu haƙan ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin wanda ya shigo yana taimakawa wajen gyara. Kare, ko na maƙwabta ko na yawo, yakan tona rami mai faɗi a gindin waya, ya kashe kaji da yawa ya bar su a warwatse. A ƙauyuka da unguwannin bakin gari akwai dila da yanyawa da tunku, wani wurin har da dage, wanda ƙarfin faratansa ya fi na sauran. A cikin gari kuwa gafiya da ɓera ne suka fi yawa. Gafiya takan kai kilo ɗaya ko fiye, tana cika kumatunta da hatsi ta kai rami, kuma ko da tsaba ce ta kawo ta, ramin da ta bari ya zama hanya ga duk wanda ya biyo baya. Ɓeraye suna fasa ƙwai, suna jan 'yan tsaki, maciji kuma da ba ya haƙa da kansa yakan bi raminsu ya shiga. Idan ƙwai yana ɓacewa ba a ga ko ɓawonsa ba, a duba rami kafin a zargi yaran gida.

Dabbar da take son shiga ba ta fara haƙa daga nesa. Tana zuwa ne har jikin bango ko waya, ta sunsuna, ta soma tono daidai wurin da aka tare ta. A kan wannan ɗabi'a dukkan dabarar take. Hanya ta farko ita ce a haƙa rami zagaye da akurkin, zurfin ƙafa ɗaya zuwa biyu, a saukar da waya a ciki, a lanƙwasa ƙarshenta zuwa waje, a mayar da ƙasa a daddanne. Hanya ta biyu, wadda na fi so ga wanda ya riga ya gina akurkinsa ko wanda ƙasarsa take da tauri, ita ce a shimfiɗa wayar a kwance a waje, faɗin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, a ɗaure gefenta da gindin akurkin sosai ba tare da barin rata ba, a danne da duwatsu ko bulo, a rufe da ƙasa. Dabbar za ta tona ta ci karo da ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafunta, ta matsa gefe ta sake cin karo da shi, kuma da wuya ta yi tunanin ja da baya ta faro daga bakin wayar. A kula da kusurwoyi huɗu da ƙarƙashin ƙofa, domin nan ne aka fi barin giɓi.

Sai dai ba kowace waya ce take wannan aiki ba. Siririyar ragar nan mai manyan idanu da ake kira wayar kaji an yi ta ne don ta hana kaza fita. Kare yana yaga ta, ɓera yana ratsa idonta, idan kuma aka binne ta tsatsa takan cinye ta da wuri. Abin da ya dace shi ne waya mai kauri wadda aka haɗa da walda, mai idanu rabin inci, kuma irin wadda aka yi wa rufin hana tsatsa. Na san ta fi tsada, kuma na san halin da ake ciki. Amma kazar ƙwai, kamar Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika a Zariya ta samar, sai ta yi kusan wata biyar tana cin abinci kafin ta fara saka ƙwai. Wanda ya ciyar da kaji 20 tsawon wannan lokaci, ya yi musu rigakafi a kan kari, sannan ya rasa rabinsu a dare ɗaya, ya san cewa arhar waya ba ta rage masa komai ba.

Wanda yake da hali, ɗakin kwanan kajin ya yi masa daɓen siminti mai kaurin inci uku zuwa huɗu, da yashi da tsakuwa, a kan harsashin bulo, kuma ya tsaya a kan magini ya cika ramukan bulon da kankare, don ɓera yana mayar da su gida. Ɗan haya da ba zai iya gini ba, ya ɗaga akurkin a kan ƙafafu, aƙalla ƙafa ɗaya da rabi daga ƙasa, yadda za a riƙa ganin ƙarƙashinsa ana sharewa. Da damina a ƙara sa ido, saboda ruwa yana tausasa ƙasa, yana zaizaye gindin katangar laka, gara kuma tana cin katakon da ya taɓa ƙasa, kwatar da ruwa yake fita ta cikinta ma sai an sa mata raga.

Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dusa da tsabar da ake bari a warwatse cikin dare su ne suke kiran ɓera da gafiya tun farko. A ɗauke mazubin abinci da magariba, a share abin da ya zube, a ajiye buhu a cikin duron ƙarfe mai murfi, a kwashe ƙwai kullum. Wannan ya shafi lafiyar mutanen gida ma, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashinsa, akurkin bayan gida kuma ba shi da nisa da madafi.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne zuba shinkafar ɓera a kusa da kaji. Kaza tana tsattsagar duk abin da ta gani, kyanwar gida tana iya cin ɓeran da ya ci guba, ga kuma ƙananan yara da suke wasa a tsakar gida. Tarko ya fi aminci idan aka ɗana shi a cikin akwati mai ƙaramar ƙofa da kaza ba za ta iya sa kai ba. Ko an kama ɓarawon, a toshe raminsa da tsakuwa da siminti a ranar, sannan kowace safiya a zagaya gindin akurkin a duba ko akwai sabuwar ƙasa da aka turo.