Nasiha ga masu ɗaukar talaka a waya

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku masu yawo da waya kuna ɗaukar mutane kuna watsawa a TikTok da Facebook, da ku masu burin shiga harkar fim. Akwai wani tsohon fim ɗin Indiya da nake so ku nema ku kalla, amma tun yanzu in faɗa muku babu rawa da waƙa a lambu, babu bos babu dambe, baƙi da fari ne, kuma ba da Hindi aka yi shi ba, da Bengali ne yaren mutanen Kalkata. Sunansa Pather Panchali, Satyajit Ray ne ya ba da umarni, ya fito a 1955.

Labarin wani gida ne a ƙauye da talauci ya yi wa katutu. Maigidan Harihar mutumin kirki ne amma aljihu wayam, kullum sai buri da alkawarin gobe za ta yi kyau, matarsa Sarbajaya ita ce ke shan wahalar tukunya. Yara biyu, Durga da ƙaninta Apu. Sai wata tsohuwa Indir, 'yar uwar maigidan, ta tsufa tukuf ta ranƙwafa ba haƙori, tana raɓe a gefen gidan. Durga takan tsinko 'ya'yan itace a gonar maƙwabta ta kawo wa tsohuwar a ɓoye, maƙwabciya ta yi ta gori wai uwa ba ta iya tarbiyya ba, ita kuma uwar sai ta huce haushinta a kan tsohuwa.

Akwai wani waje da wallahi duk mai tsohuwa a gida sai jikinsa ya yi sanyi. Tsohuwar ta bar gidan sai ta dawo ba lafiya, tana murmushi tana neman a karɓe ta, Sarbajaya na zaune tana cin abinci ko kallon arziki ba ta yi mata ba, ta roƙi ruwa aka nuna mata ta ɗebo da kanta. Kana kallon murmushin nan yana gushewa a hankali. Ta sha, ta zuba ragowar a gindin wata shuka, ta ɗauki ƙunshinta ta fita. Yaran ne suka tsince ta a zaune a cikin itatuwa, Durga ta taɓa ta ashe rai ya yi halinsa. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, Ray bai mayar da Sarbajaya muguwa ba, mace ce da yunwa da bashi da gori suka ƙuntata wa zuciya, za ka ji haushinta kuma ka ji tausayinta lokaci guda.

To masu cewa ba kuɗi ba kayan aiki, ku ji yadda aka yi shi. Ray mai zane ne a kamfanin talla, bai taɓa yin fim ba. Mai ɗaukar hotonsa Subrata Mitra ɗan shekara 21 ne, shi ma bai taɓa riƙe kyamarar fim ba. Sun fara a 1952, kuɗi ya ƙare aiki ya tsaya cak, matarsa Bijoya ta jinginar da gwala-gwalanta, sai daga baya gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta sa kuɗi aka ƙarasa, kusan shekara 3 ana fama. Da aka fara nuna shi a Kalkata a watan Agusta 1955 farko mutane ba su damu ba, sai wanda ya kalla ya gaya wa wani, a hankali silima ta dinga cika. A 1956 ya ci kyauta a bikin finafinai na Cannes a Faransa, a 1958 ya yi wata 8 ana nuna shi a New York duk da mai sharhin jaridar New York Times ya kushe shi.

Amma fa a gida ba kowa ya ji daɗi ba. Tun lokacin akwai masu ganin bai kamata a kai shi waje ba don zai zubar wa ƙasa mutunci. Har a 1980 Nargis, eh waccan dai ta Mother India da iyayenmu suka haddace, tana 'yar majalisa ta zargi Ray da cewa talaucin Indiya yake kai wa Turawa suna ba shi kyauta. Ni dai ban yarda da ita a kan wannan fim ba, ita kanta ai da fim ɗin talauci da bashi ta yi suna. Amma zarginta ba shirme bane, akwai mutanen da ya dace da su ɗas, kuma ku yi haƙuri da yawa a cikinmu ne.

Kai da za ka tare almajiri ko tsohuwa mai bara, ka miƙa mata dubu ɗaya kyamara na kan fuskarta, ka sa ta yi ta sa maka albarka ka ɗora kiɗan tausayi a kai, ko ka samu mai taɓin hankali ka yi ta tsokanarsa don a yi dariya a yi ta turawa, malam wannan shi ne cinikin talauci, mabiya kake saya da mutuncin bawan Allah. Ka san sunanta? Ka san tana da jikoki da za a nuna musu bidiyon a makaranta? Sadaka kuma da ake son hannun hagu kada ya san abin da dama ya bayar.

Ku kuma 'yan fim da masu gajerun bidiyo naku ciwon daban ne, kunyar gidanku kuke ji. Kowane labari sai a gidan sama na aro, falo da kujeru masu sheƙi, yaro ɗan 25 wai shi ne shugaban kamfani, alhali kai da ka rubuta a soro kake kwana. Zauren gidanku, rigimar kishiyoyi a kan murhu, Iya da ake ganin ta zama kaya, baban da ya tafi cirani shiru ba aike, duk ba ku ga labari a nan ba.

Wadda ta fito a tsohuwa Indir sunanta Chunibala Devi, tsohuwar 'yar wasa ce da duniya ta manta da ita, shekarunta wajen 80. Da yardarta aka sa ta, aiki aka ɗauke ta ana biyanta, sunanta na jikin fim ɗin, ta rasu a 1955 kafin a sake shi a Kalkata. Kai waccan baiwar Allah da ka ɗauka a bakin kasuwa, ka nemi izininta kuwa? In amsar a'a ce, dan Allah ka shiga shafinka yau ka goge.