Ranar da Kwamfutata ta Tuɓe wa Kakanmu Rawani

Bayan na kwashe wata uku ina koyar da kwamfutata karatun Larabci na rubutun hannu, sai na sanar a gidanmu da ke Bolari a Gombe cewa daga yanzu tsofaffin takardun Kaka sun daina jiran malami. Dabarar ita ce wadda ake kira koyo mai zurfi: ana nuna wa na'ura dubban hotunan kalmomi tare da karatunsu, har ta gane da kanta yadda haruffa 28 suke sauya kama a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Na ciyar da ita da wani tarin hotunan rubutun hannu mai suna IFN/ENIT na shekarar 2002, wanda mutane fiye da 400 suka rubuta sunayen garuruwan Tunisiya a cikinsa, ta kuma ci jarrabawar da na yi mata, ni kuwa kaina ya kumbura.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baffa ya buɗe gafaka, ya zaro wata wasiƙa da aka aiko wa Kaka lokacin yana alƙalanci, mutanen gida suka kewaye ni har da masu leƙe ta taga. Abin da na manta shi ne rubutunmu na allo tsatson Magribi ne, inda ƙaf take da ɗigo ɗaya a sama, fa kuma ɗigonta a ƙasa yake, alhali ɗalibata ta saba da ƙaf mai ɗigo biyu. Saboda haka da ta iso kan "al-ƙadi", wato alƙali, sai ta karanta "al-fadi", wato wanda ba shi da aikin yi.

Tsit aka yi. Na yi maza na wuce layi na biyu domin in wanke kaina, ashe wani ƙuda, wanda ya riga ni zuwa duniya da shekaru masu yawa, ya bar kashinsa daidai saman harafin ra. Nan take "rahma" ta koma "zahma", aka wayi gari mai wasiƙa yana yi wa Kaka fatan aminci da cunkoso.

Baffa ya karɓi takardar, ya kankare ɗigon da farce, ya karance ta tas ba tare da tabarau ba, sannan ya dube ni.

"Ɗan nan, wa ya yi wa abin nan biyawa?"

"Mutanen Tunisiya ne, Baffa."

Ya ce ya amince zai riƙa karanta mini takardun ina shigar mata, amma tunda almajira ce sabuwa, dole ta fara daga babbaƙu, kuma kuɗin Laraba a wuyana yake.