Wai sa'a suka yi

Na ga abin da wani ya rubuta jiya a ƙarƙashin hoton fitilun Lobmeyr, kamfanin kayan gilashi na ƙasar Ostiriya, da ake ta yaɗawa: "Ai Turawa ne, sa'a suka yi, gwamnati ce ta riƙe musu hannu." Har da masu jinjina masa. Sannu malam, masanin sa'a na duniya.

Sa'ar da ta wuce shekara 200? Josef Lobmeyr ya buɗe shagon gilashi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1823. Da ya rasu a 1855, 'ya'yansa Josef da Ludwig ba su kira dillali ya yi wa shagon kuɗi ba. Sun zauna sun riƙe sana'ar, harafin farkon sunayensu ne ma J. & L. ɗin da ke jikin tambarin har yau. A 1883, lokacin da yawancin duniya ke fama da kyandir, kamfanin ya ƙera fitilar ado mai aiki da lantarki wa fadar Hofburg, fadar sarkin Ostiriya. Wannan ma sa'a ce, ko?

Ga wurin da ya fi burge ni. Ludwig bai haihu ba. Da ya rasu a 1917, gidan ya koma hannun ɗan 'yar'uwarsa, Stefan Rath, wanda ya san aikin ciki da bai. Sunan zuriya ya canza, sana'a ba ta motsa ba. Shekara guda bayan nan daular Ostiriya ta rushe, sarkin da suke wa aiki ya bar mulki. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma 'yan kwaminisanci suka karɓe ma'aikatarsu da ke ƙasar Cekoslobakiya. To ina gwamnatin da ta riƙe hannun? Abin da ba a iya ƙwacewa ba shi ne hannun da ya iya yanka gilashi, da yaron da aka zaunar kusa da shi yana kallo.

Sana'a ake gada, ba gini ba. Wannan kaɗai nake faɗa. Na san za a zo mini da "gado haƙƙi ne". Wa ya ce ba haƙƙi ba ne? Kowa ya san rabonsa, ya karɓi ribarsa, ba sai an kwance injin an kai wa 'yan gwangwan ba. Wani kuma zai ce kayan masu kuɗi ne, ina ruwanmu. Allah ya ba ka haƙuri, ba fitilar na ce ka saya ba.

Wallahi abin yana taɓa ni, domin na san maƙera da dukawa da hannunsu bai gaza na kowa ba, amma ana sadakar arba'in ɗinsu shago ya zama wurin cajin waya. Can kuwa zuriya ta shida ce ke riƙe da shagon a titin Kärntner da ke Biyana.

Af, fitilun gidan wasan Metropolitan na New York ma, na 1966, Hans Harald Rath na kamfanin Lobmeyr ne ya zana su, kyauta ce daga Ostiriya ga Amurka. Kafin a fara wasa sai a ja su sama su nufi rufi. Masu ɗakunan biki, kada wanda ya gwada wannan da fitilar roba da wayar da aka ɗaure da leda, amarya na zaune a ƙasa.