Makullin Ƙofa Na Zamani Ba Ya Jiran Intanet Kafin Ya Buɗe

Abin yana damuna yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa makullin ƙofa da ake buɗewa da waya ko agogon hannu ba ya aiki sai da intanet. Tsoronsu yana da dalili, domin babu mai son ya tsaya a ƙofar gidansa cikin dare saboda sabis ya ɗauke.

Sai dai yawancin waɗannan makullai suna magana da waya kai tsaye ta Bluetooth ko NFC (fasahar da ke aiki idan an kara waya a jikin na'ura), kuma batir suke amfani da shi, don haka ɗaukewar wutar lantarki ba ta hana su aiki. Intanet yana shigowa ne idan mutum yana nesa yana son ya buɗe wa baƙo.

Inda matsalar take shi ne yawan matakai. Uwa ce ta dawo daga kasuwa, ga goyo ga kaya a hannu. Idan sai ta ciro waya, ta buɗe ta, ta nemo manhaja, sannan ta jira wayar da makullin su haɗu, to makullin ƙarfe ya fi mata sauƙi. Wannan ne ya sa tsarin Home Key da Apple ya fitar a 2021 ya dace da buƙata: kara agogo ko waya a jikin makullin kawai ya wadatar, kuma iPhone tana iya buɗewa har na wasu sa'o'i bayan cajinta ya ƙare. Mai saye ya tambayi matakai nawa ne kafin ƙofa ta buɗe, da kuma abin da aka tanada idan batirin makullin ya mutu.