Waƙa Ta Ƙara wa Labarin Eliza Armashi, Ta Rage Masa Kaifi

Masu harkar wasan kwaikwayo a Sakkwato, musamman ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke son mayar da wasan dandamali fim, ya kamata su ajiye wasan Pygmalion na George Bernard Shaw gefe guda, su ajiye My Fair Lady, fim mai waƙoƙi da aka gina a kan labarinsa, a ɗaya gefen, su duba abin da aka ƙara da abin da aka yar. An fara nuna wasan a 1913, ya zo Landan a 1914. Fim ɗin ya fito a 1964, George Cukor ne ya ba da umarni, ya kwashi kyautar Oscar takwas. A nan Ingila inda nake zaune, yawancin mutane fim ɗin suka sani. Ni kuwa ra'ayina shi ne fim ɗin ya fi daɗin kallo, wasan ya fi faɗin gaskiya.

Labarin gajere ne. Eliza 'yar talla ce mai sayar da furanni a kasuwar Covent Garden, harshenta na talakawan Landan ne. Farfesa Higgins, masanin furuci, ya ci alwashi gaban Kanar Pickering cewa cikin wata shida zai gyara mata baki har manya su ɗauke ta 'yar sarauta. Duk Basakkwacen da ya taɓa cewa "munka zo" ko "yat tahi" a wani gari aka kwashe da dariya, ko aka ce ya gyara harshe kafin a ba shi karanta labarai, ya san inda abin yake taɓawa.

A fara da ginin. Wasan kashi biyar ne, wurare uku kacal: bakin coci da daddare ana ruwan sama, ɗakin aikin Higgins, da falon mahaifiyarsa. Ƙungiyar makaranta za ta iya shirya shi da kujeru da teburi da labule. A rubutun farko ba a nuna darussan ba, ba a kuma nuna taron da Eliza ta ci jarrabawa ba, labarinsu kawai ake ji. Shaw bai damu da yadda aka gyara bakin ba, damuwarsa abin da zai biyo baya. Fim ɗin kuwa ya kusa awa uku, kuma waɗannan wurare biyu da aka tsallake su ne ya cika da kallo. A nan ya yi rawar gani, dole a faɗa. Ana ganin Eliza gaban wata 'yar wuta da ke kaɗawa in ta furta harafin "h" daidai, ta tsaya cik in ta haɗiye shi. Ana ganin an cusa mata duwatsun wasa a baki ana sa ta karatu. Da ta dace da furucin cikin tsakar dare, sai murna ta rikiɗe ta zama waƙa. Wannan waƙar ba ado ba ce, ita ce fitowar kanta: in aka cire ta, labarin ya yi giɓi.

Ma'aunin ke nan da nake so masu shirya finafinanmu su riƙe. A cire waƙar a gani. In labarin ya tafi lafiya ba ita, to dakatar da shi ta yi. Lissafin ma ba wuya: waƙa goma, kowace minti huɗu, minti arba'in ke nan, kuma daga bakin 'yan wasa za a zare su. A finafinanmu sau da yawa akan ɗauki waƙar daban, a wani lambu, da wasu tufafi, sannan a nemo mata gurbi wajen tacewa. Shi ya sa mai kallo ke tura ta gaba ko ya tashi ya sha ruwa. Ba rashin gwanaye ba ne. Ƙasar da ta haifi Narambaɗa ba a koya mata yadda waƙa ke ɗaukar zance, kuma da Sakkwatancinsa ya yi ta, ba wanda ya ce ya gyara.

Akwai kuma batun murya. Audrey Hepburn ce ta fito a Eliza, amma yawancin waƙoƙinta Marni Nixon ce ta rera, ita tana motsa baki. Rex Harrison kuwa, wanda ya fito a Higgins, ya ƙi a yi masa haka. Ba rerawa yake ba sosai, magana yake bisa kiɗa, don haka aka ɓoye masa ƙaramar makirufo a cikin nektayin da ya ɗaura a wuya aka ɗauki muryarsa nan take. A saurara da kyau: shi ba a jin inda magana ta ƙare waƙa ta fara, ita kuwa da ta buɗe baki sai wata murya ta fito, mai wani kauri da wani numfashi. A labarin da ya ginu kacokan a kan muryar yarinya, wannan aibi ne babba. Mai son yin irin haka ya zaɓi mawaƙiya mai kalar muryar 'yar wasan, a ɗauki waƙar tun kafin a fara aiki, 'yar wasan ta haddace har wuraren jan numfashi, ba kalmomi kaɗai ba.

Inda na fi jin takaici shi ne ƙarshe. A kashi na huɗu, bayan an ci nasara, mazan biyu suna ta yabon kansu, ko sannu ba su ce mata ba. Ta jefi Higgins da silifas ɗinsa, ta tambaye shi abin da za ta zama yanzu: ta fi ƙarfin talla, gidan manya kuma ba nata ba ne. A kashi na biyar ta gaya wa Pickering cewa abin da ya raba babbar mace da 'yar talla ba halinta ba ne, yadda ake ɗaukarta ne. Ta kuma nuna wa Higgins cewa ilimin da ya ba ta ba zai iya ƙwacewa ba, za ta iya koyar da shi ta ci abinci. Ya aike ta sayayya kamar ba abin da ya faru, ta ce ya saya da kansa, ta fice. Har bayani Shaw ya rubuta a 1916 cewa Freddy, wani saurayi da ke sonta, ta aura, ba Higgins ba, don ya ga 'yan wasa na karkatar da abin zuwa soyayya.

Fim ɗin ya riƙe yawancin wannan muhawara, sannan ya warware ta cikin minti biyu. Higgins na zaune shi kaɗai yana sauraron muryarta a na'ura, bayan an ba shi waƙar kewa da ta wanke shi a idon mai kallo. Sai ga Eliza ta dawo, shi kuma abin da ya fara nema silifas ɗinsa. Daga fim ɗin Pygmalion na 1938 aka gaji wannan ƙarshe. Shaw bai yarda a mayar da wasan na waƙa ba har ya rasu a 1950, sai a 1956 aka fara nuna na waƙar, wato My Fair Lady, a dandamalin New York.

In wata ƙungiya a Sakkwato za ta ɗauki wannan labari, shawarata ta ari darussan daga fim, ta bar ƙarshen yadda Shaw ya bar shi. Eliza ta yi Sakkwatanci tsantsa a farko, malamin ya yi Hausar littafi. A kashi na ƙarshe, lokacin da take gaya masa gaskiya, a bar ta ta zaɓi harshen da za ta yi magana da shi, kada kuma a sa kiɗa a ƙarƙashin maganar.