Ba kowane ɓera ba ne ɗan rami

Jiya a fadarmu nan Damagaram ana shan shayi wani ƙanena ya nuna hoton ɓera zaune kan reshen ƙaya, nan take mutane suka ce ai hoton haɗi ne, wai kusu a rami yake ko cikin rumbu, in ka gan shi bisa icce to kurege ne. Wallahi ba haka ba ne 'yan uwa. Shi kuregen namu ma ai ɗan ƙasa ne, rami yake haƙawa.

Akwai ɓeran da kusan duk rayuwarshi a kan icce take, a kudancin Afirka, wajen Namibiya da Botswana cikin dajin Kalahari, busasshen daji mai ƙayoyi da yashi kamar dai namu in ka nufi Tanout. Yana da baƙi zagaye da ido kamar an sa mishi kwalli, ga doguwar wutsiya mai duhu da yake daidaita jiki da ita kan reshe. Da rana yana kwance cikin kogon icce ko sheƙar da ya tara da ƙirare, sai dare ya fito ya ci ɗanyen ganye da 'ya'yan iccen da ƙaro, yawancin ruwan jikinshi ma daga nan yake samu.

Iccen da ɓeran nan yake zama a kai dangin bagaruwarmu ne fa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga amalanke cike da ɗanyen icce tana shigowa gari, don ban da inuwa, gidan wasu halittu ne aka sare.