Takalmin da aka ƙera don ya hana ƙafa zama daram, ana sayar wa mai ciwon jijiya babu gargaɗi

Raina a ɓace yake da masu ƙera takalman nan masu lanƙwasasshen ƙasa, waɗanda ake tallarsu da cewa suna ɗaure tsoka suna rage ƙiba, haka ma masu sayar da su. Ina da ciwon jijiya na gado, wanda likitoci ke kira Charcot-Marie-Tooth, ko CMT a taƙaice. An sayar mini da irin wannan takalmi da sunan takalmin lafiya. Na faɗa wa mai sayarwa a fili cewa ƙafafuna suna da rauni kuma ina yawan tuntuɓe, ya ce ai don irina aka yi shi. A jikin kwalin babu gargaɗi, a takardar da ke ciki babu, a bakinsa ma babu. Ba a jima ba idon sawuna ya gurɗe a kan shimfiɗaɗɗen daɓe, inda babu dutse babu rami, na faɗi ƙasa. Targaɗen ya kwantar da ni, kuma har yau ƙafar ba ta koma yadda take ba.

Wannan ciwo ba sabo ba ne, balle a ce ba a san da mu ba. Tun 1886 Jean-Martin Charcot da Pierre Marie a Faransa, da Howard Henry Tooth a Ingila, suka yi bayaninsa. Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 2,500 yana ɗauke da shi, wato yana cikin cututtukan jijiya na gado da suka fi yawa a duniya. Nau'in da ya fi yaɗuwa, CMT1A, yana zuwa ne idan ƙwayar gado mai suna PMP22 ta ninku, kuma duk ɗan da mai ciwon ya haifa yana da kashi 50 cikin 100 na yiwuwar gadonsa. Ni daga mahaifina na gada. Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi.

Abin da yake yi wa ƙafa shi ne abin da nake so masu sayar da takalmi su fahimta. Mai lafiya idan yana tsaye, tafin ƙafarsa da idon sawunsa suna aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ba dakatawa: ƙasa ta karkata nan, nauyi ya koma can. Nan take ƙananan tsokoki su gyara masa tsayuwa ba tare da ya ma sani ba. Mu kuwa jijiyoyin da ke ɗaukar wannan saƙo sun lalace. Idan aka auna gudun saƙo a jijiyar hannun mai lafiya, yakan kai mita 50 ko fiye a daƙiƙa ɗaya; a nau'in CMT1A yana ƙasa da mita 38, sau da yawa ma nesa da hakan. Saƙon yana isa a makare, amsar ma tana dawowa a makare, ta tarar da tsokar da ta riga ta rame. Tsokar gaban ƙwauri ba ta iya ɗaga gaban ƙafa, shi ya sa yatsu ke jan ƙasa, mutum ya riƙa ɗaga gwiwa sama kafin ya taka. Tsakiyar tafin ƙafa ya rama ya yi tudu ta sama, yatsu su ƙanƙance, nauyi ya koma gefen waje. Tsokokin gefen ƙwauri da ya kamata su hana ƙafa kifewa waje suna cikin waɗanda ke fara mutuwa. Da ido muke tsayuwa. A duhu, ko na rufe ido a wurin wanka, sai na dafa bango.

To, a ɗauki irin wannan ƙafa a ɗora ta a kan takalmin da ƙasansa yake kamar cikin kwalekwale, ga kauri, ga laushi a dunduniya, tsakiyarsa kaɗai ke taɓa ƙasa. Kaurin ya ɗaga mutum sama, don haka idan ƙafa ta fara kifewa, da ƙarfi take tafiya. Laushin ya shanye ɗan abin da ya rage na jin ƙasa a tafin ƙafa. Lanƙwasar kuma ba ta barin mutum ya tsaya cik ko da yana kan layi ne yana jira. Ana kukan targaɗe, wallahi wannan hanyar karaya ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rashin daidaiton nan ba kuskuren ƙira ba ne. Shi ne hajar. Injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Karl Müller, shi ya fito da takalmi mai lanƙwasasshen ƙasa da ake kira MBT a shekarun 1990, da nufin a kwaikwayi tafiya ba takalmi a kan ƙasa mai laushi, jiki ya riƙa kokawar daidaita kansa. A 2009 kamfanin takalma na Skechers ya shigo da nasa mai suna Shape-ups, kamfanin Reebok kuma da EasyTone mai ƙullutun iska a ƙasa, kasuwa ta buɗe. A 2010 ƙungiyar American Council on Exercise ta sa masana a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse suka gwada waɗannan takalma, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu da takalmin gudu na yau da kullum, ko a aikin tsoka ko a ƙona kitse. A 2011 Reebok ya amince ya biya dala miliyan 25 bayan hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta tuhume shi da tallar da ba ta da hujja. A 2012 Skechers ya amince da dala miliyan 40. Takalmin da na saya ba na ko ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ba ne. Yayin ya wuce, amma ƙirar ta zauna, wasu suka ɗauke ta suka sake mata suna: yau takalmin gyaran tsayuwa, gobe na ciwon baya. Waccan shari'a ta tsaya ne a kan alƙawarin ɗaure tsoka da rage ƙiba. Mu da muke faɗuwa, wa ya yi maganarmu?

Na san akwai lanƙwasar ƙasan takalmi da ke da amfani, kuma ba na so wani mai CMT ya ji wannan ƙorafi ya ƙi abin da likitansa ya rubuta masa. Ana yi wa mai ciwon sukari don a rage danna gaban ƙafa, ana yi wa wanda babban yatsansa ko idon sawunsa ya sandare. Wasu cikinmu da ke ɗaura abin tallafe ƙafa na roba, wanda ke tashi daga sharaɓa ya shiga ƙarƙashin tafi, ana ɗan lanƙwasa musu gaban takalmi don taku ya yi sauƙi, tunda robar ta riƙe idon sawu. Amma wannan ƙasansa tauri gare shi, yana da faɗi, tsakiyarsa a shimfiɗe, kuma ƙwararre ne ke auna shi a ƙafar mutum. Likitar gashin ƙashi da ta duba ni, da ta juya takalmin da na saya ta danna dunduniyarsa da yatsa ta ga yadda yake lotsawa, cewa ta yi kada in sake sa shi ko a cikin ɗaki. Sunan wancan takalmi na asibiti 'yan kasuwa ke ara su lulluɓe nasu da shi, kuma wannan yaudara ce.

Kuma sun san kasuwarsu. Mai irin ƙafata neman takalmi azaba ce gare shi. Wanda ya shige tudun ƙafa sai ya goge ƙanƙanannun yatsu har su yi gyambo, gyambon da ba lalle ka ji shi ba sai ka ga jini a safa. Wanda ya ɗauki robar tallafi sai ya yi wa ɗaya ƙafar yawa. Mai igiya kuma hannu ba ya iya ɗaurewa, don ciwon yana kama yatsun hannu su ma. Wanda ya sha wannan wahala shekara da shekaru, aka nuna masa takalmi mai faɗi mai laushi aka ce na lafiya ne, zai saya. Da na koma da ƙorafi, amsa biyu na samu: an riga an taka shi don haka ba a karɓa, kuma wai jiki ne bai saba ba, in ci gaba da sawa tsoka za ta yi ƙarfi. Tsokar da jijiyarta ta lalace ba ta farfaɗowa don an tilasta mata. Motsa jiki daidai gwargwado yana taimaka mana, kamar iyo ko keken motsa jiki, amma ba irin wanda kowane taku yake iya ƙarewa a ƙasa ba. A ce wa mai CMT ya daure ya saba da tangaɗi, rashin imani ne.

Ƙanwata ma tana da ciwon, nata bai kai nawa ba. Ta ga tallar irinsa a intanet, ta kira ni tana cewa, "Yaya, an ce yana gyara tafiya." Sai da na ɗauki hoton idon sawuna na tura mata kafin ta haƙura. Bai kamata kumburarriyar ƙafata ta zama ita ce takardar gargaɗi ba. Layi ɗaya nake nema a jikin kwali, da manyan haruffa, da kuma a shafin da ake tallar: wannan takalmi yana rage daidaiton tsayuwa, mai ciwon jijiya ko raunin idon sawu ko yawan faɗuwa kada ya sa sai da shawarar likita. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji yana buƙatar wannan layi, tsoho mai jiri yana buƙatarsa, haka wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki. Mai sayarwa kuma, idan mutum ya gaya maka ƙafarsa ba ta da ƙarfi, ka mayar da takalmin kan kanta ka ce ya fara ganin likita.